Gwanar Ƙidayar Wata a Bakin Binuwai

Kunun gyada ne ya jawo na san cewa akwai ilimi a cikin wannan al'amari. Mun yi sabuwar maƙwabciya a layinmu, Ba'indiya ce, mijinta yana harkar kasuwanci a nan Garwa, suka kama hayar gidan da ke jikin namu. Kamar yadda aka saba yi wa baƙo, na dama kunu da safe, na zuba a kwano mai murfi, na ba yarinya ta miƙa mata. Ba a jima ba sai ga ta da kanta a bakin ƙofa, riƙe da kwanon hannu bibbiyu. Da ɗan Faransancinta da ɗan nawa muka lallaɓa.

"Didi," in ji ta, wato Yaya da harshensu, "akwai shinkafa a ciki?"

Na ce, "Akwai mana, ƙanwata. Ai kunun gyada ba ya kankama sai da shinkafa."

Ta yi godiya sosai, ta ce za ta sa shi a firji sai gobe in rana ta fito, domin yau ekadashi ce, tana azumi. Na ɗauki mayafi na raka ta gida. Abin da ya ɗaure mini kai, a kan teburinta ga ɓawon ayaba, ga kofin madara an sha rabi. Wane irin azumi ne ake cin ayaba amma ake gudun ƙwayar shinkafa? Wannan tambaya ce ta zaunar da ni a kicin ɗinta lokaci bayan lokaci, har na gane cewa matar nan ita kaɗai take ɗauke da aikin da a ƙasarsu gari guda ke yi.

Mu duba namu tukuna. In Ramadan ya gabato, ba ni nake lissafi ba. Kwamitin duban wata zai yi sanarwa, rediyo ya faɗa, fadar Lamiɗo ta tabbatar, ladan ya tashe mu sahur, shi ne kuma zai ce mana a sha ruwa. Kasuwa kanta takan sauya: dabino ya cika tebura, masu ƙosai su fito da la'asar. Mai azumi a Garwa ko Marwa ko Ngaundere gari ne ke tallafe da shi ta kowane gefe. Ita kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Indiyawan Kamaru ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna can Duwala da Yawunde. A nan arewa tsiraru ne. Wurin ibadarta wata kusurwa ce a ɗakinta, mai sanar da ita lokaci kuwa kanta ne.

A inda suke da yawa, ba haka abin yake ba. A tsibirin Moris, inda aka fara kai Indiyawa aikin gonar rake tun 1834, lokacin azumin Shibaratiri dubban ɗaruruwan mutane ke takawa a ƙasa zuwa tafkin da suke kira Ganga Talao. A Durban ta Afirka ta Kudu suna nan tun 1860. A Legas kamfanin Chellarams na Indiyawa 'yan Sindi yana kasuwanci tun 1923, kuma manyanmu da suka yi sakandare a Yola ko Kano ko Zariya a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da malaman lissafi da kimiyya Indiyawa ba. Inda jama'a take, jama'a ke ɗaukar nauyin kalanda. Inda babu, sai ya faɗo kan mace ɗaya.

Kuma kalandar tasu ba ta wasa ba ce.

Mu muna ƙirga kwanan wata daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana, bayan an ga jinjirin wata da ido. Su kuwa suna da abin da suke kira titi. Titi ba yini da dare ba ne, awo ne na tazarar da ke tsakanin wata da rana a sararin sama. Duk sa'ad da wannan tazara ta ƙaru da digiri 12, titi ɗaya ya cika. Da'ira digiri 360 ce, saboda haka titi 30 ke cikin wata guda: 15 a lokacin da wata ke girma har ya cika, 15 a lokacin da yake raguwa har ya ɓace. To, gudun wata ba ɗaya ba ne kullum, wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya yi nawa. Don haka wani titin bai fi awa 20 ba, wani kuma ya kai awa 26. Yana iya farawa da tsakar rana, yana iya ƙarewa cikin talatainin dare. Ekadashi na nufin na goma sha ɗaya, kuma yana zuwa sau biyu a wata, ɗaya a farin wata, ɗaya a duhunsa. Sau 24 ke nan a shekara. In aka kwatanta da namu lissafin, na farkon yakan faɗo wajen 9 ko 10 ga watan Musulunci, na biyun wajen 24 ko 25.

Ƙa'idar da suka fi bi ita ce, titin da fitowar rana ta tarar shi ne mai wannan yini. A nan gwanintar take, domin titi yana ƙarewa a lokaci ɗaya a duk duniya, amma rana ba ta fitowa a lokaci ɗaya. Agogon Indiya yana gaba da namu da awa huɗu da rabi. Ta zana mini misalin a bayan takardar kuɗin wuta. A ce ekadashi ya fara ƙarfe 9 na safiyar Talata agogon Indiya, ya ƙare ƙarfe 9 na safiyar Laraba. A Delhi rana ta riga ta fito ranar Talata kafin ya shigo, don haka fitowar ranar Laraba ce tasa, mahaifiyarta da ke can Laraba za ta yi azumi. Amma ƙarfe 9 na can, 4:30 na asuba ne a Garwa. Ranar Talata kafin rana ta leƙo daga gabas ya riga ya shigo, ranar Laraba kuwa kafin ta fito ya wuce. Ita Talata ce tata. Uwa da 'ya, azumi ɗaya, ranaku biyu, kuma kowacce ta yi daidai.

Shi ya sa kalandar da ke rataye a bangon kicin ɗinta ba ta isar ta. Kalnirnay ce, wadda aka fara bugawa a Mumbai a 1973, wadda da wuya ka shiga gidan mutanen wancan yanki ba ka gan ta ba. Lissafinta na sararin Indiya ne. Duk farkon wata takan zauna da biro, ta ɗebe awa huɗu da rabi daga kowane lokaci da aka rubuta, ta gwada da fitowar rana a nan, sannan ta duba shafin intanet na Drik Panchang, inda ake zaɓar gari ya fitar da lissafinsa. In biyun suka dace, ta yi da'ira da jan biro. Na tambaye ta, tun da wayar za ta faɗa mata, me ya sa take wahalar da kanta? Ta ce waya takan mutu, wuta takan ɗauke, kuma wanda bai san yadda aka samo amsa ba, ba zai gane ranar da aka ba shi ta kuskure ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Irin ta tsofaffin malamanmu ce masu sanin taurari, waɗanda ke duban sama su faɗa maka saura kwana nawa damina ta sauka. Su ma Indiyawa sun raba hanyar wata gida 27, inda lissafin Larabawa da malamanmu suka gada yake da manzili 28.

Ko a tsakaninsu ma ba a rasa saɓani. Mabiya tafarkin Bishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, sun fi tsanantawa: in titi na goma ya taɓa lokacin da ke kafin fitowar rana da minti 96, sai su ɗaga azumin zuwa gobe. Wasu yankuna suna ƙare wata a daren da ya cika, wasu a daren da ya ɓace. Da gwamnatin Indiya ta kafa kwamiti a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha domin daidaita al'amarin, kalanda wajen 30 ya tarar ana amfani da su a ƙasar. An fitar da ta ƙasa a 1957, amma har gobe a harkar ibada kowa ta gidansu yake bi.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11. Mu mun bar ta haka, shi ya sa Ramadan ke zagaya mana bazara da damina da hunturu. Su kuwa kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda, kamar yadda suka yi a 2023, domin bukukuwansu su tsaya a yanayinsu. A irin wannan shekara ekadashi 26 ne. Amma yanayin da aka tsayar na Indiya ne, ba na kwarin Binuwai ba. Azumin Nabaratiri na kwana tara da ke zuwa a Maris ko Afrilu, a arewacin Indiya yana faɗowa ne lokacin da sanyi ya wuce kuma zafi bai gama kankama ba. A Garwa kuwa tsakiyar bazara ce, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, lokacin da ruwan randa ma sai ya yi ɗumi. Akwai kuma ekadashi ɗaya a shekara, nirjala, ma'ana babu ruwa, a Mayu ko Yuni. Daga fitowar rana zuwa fitowar rana ta gobe ba ci ba sha. Mu da ke yin awa 13 ko 14 a wannan gari mun san abin da awa 24 ke nufi. Ba kowa ke yin sa ba, kuma marar lafiya da mai ciki da tsoho an sassauta musu. Ita na ga ta yi. Tun kwana biyu kafin ranar ta rage yaji da gishiri, ta yawaita ruwa da kindirmo, ranar kuma ta gama aikinta da sanyin safiya ta shige ɗaki.

Sai batun ayaba da shinkafa. Kalmarsu ta azumi, upabasa, asalinta zama kusa, wato kusa da abin bauta. Ɗaya kalmar, birat, alwashi ce. Mutum ne ke ɗaukar wa kansa, don haka hawa-hawa ne: wani ba ci ba sha, wani ruwa kawai, wani 'ya'yan itace da madara, wani ci ɗaya a yini. Abin da ya haɗa masu ekadashi shi ne barin hatsi da dangin wake. Ba shinkafa, ba alkama, ba masara, ba gero, ba dawa, ba wake. Nama da kifi da ƙwai ba a ma maganarsu. Albasa da tafarnuwa ma an ajiye su. Yanzu mai karatu ya tsaya a tsakiyar babbar kasuwar Garwa ya duba hagu da dama: buhunan masara da masakwa, tulin albasar da arewacin Kamaru ke alfahari da ita, kifin Lagdo, naman Fulani. Duk abin da garin nan ke taƙama da shi, ranar azuminta ba nata ba ne.

A nan ne na sara mata. Ta bi kasuwar nan da ido irin na mai neman allura, ta tarar da cewa rabin abincin azumin ƙasarsu a ƙasarmu yake tsirowa. Gyada tamu ce. Dankalin Hausa da gwaza da kabewa namu ne. Doya ga ta nan ana kawowa daga Mbe, dankalin Turawa daga duwatsun Mandara. Man shanun da suke kira gi, wanda ba a girkin ibada sai da shi, shi ne wanda matan Fulani ke kawowa a ƙwarya, ita dai takan sake narka shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙone, ya koma garai-garai kalar zuma, ta tace da ƙyalle. Daga ɗanyen nono take yin cukunta da ruwan lemun tsami. Ranar Lahadi in mijinta ya sami sarari sukan je kasuwar Pitowa ta yi sayayyar mako biyu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne alayyafo. Mu ganyen muke ci, irin kuwa sai dai a ajiye na shuka. Su irin ne abinci, suna kiran sa rajgira, kuma da yake ba dangin hatsi ba ne, ya halatta a azuminsu. Na ga ta ɗora kasko ya yi zafi jau, ta zuba cokali ɗaya na irin, ta rufe. Kafin ka ƙirga goma ya fashe fari fat kamar gugguru, sai dai ƙanana kamar yashi. In ta zuba da yawa ya ƙone, in kaskon bai yi zafi ba ya ƙi fashewa. Cokali-cokali take yi har ta cika kwano, ta narka mazarƙwaila ta juya, ta dunƙula da tafin hannu tun da zafinsa. Kantun riɗi ne sak, da wani iri daban. Wani abin marmarinsu na azumi, makana, ɗan'uwan badon da ke cikin tafkunanmu ne.

Sarkin abincin azumi a wajenta shi ne sabudana, wasu ƙwayoyi farare masu girman ƙwayar dawa, waɗanda ake yi da sitacin rogo. A Indiya yankin Salem na jihar Tamil Nadu ne cibiyar yin sa. Ta ba ni labarin cewa farkon zuwanta ta shiga kasuwa tana tambayar tapiyoka, domin sunan da ta san Turawa na kiran sa ke nan, sai aka auno mata garin kwaki, don a Kamaru shi ake kira tapiyoka. Uwa ɗaya ce ta haife su, rogo, amma aikinsu daban. Yanzu daga Duwala ake aiko mata, ko duk wanda zai dawo daga gida ya ƙullo mata a jaka.

Girkinsa na kalla tun daga farko. Takan wanke shi har ruwan ya daina fari, sannan ta zuba ruwa daidai kansa, ba ya haura ko da faɗin yatsa, ta rufe ya kwana. Da safe ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murje tsakanin yatsu biyu. In ta narke ba tsakuwa a ciki, ya yi. Sai ta soya gyada, ta murje ɓawon, ta daka sama-sama, ta cakuɗa da shi tun kafin ya hau wuta, domin gyadar ce ke shanye danshi ta hana ƙwayoyin manne wa juna. Man shanu a kasko, ɗan kayan ƙamshin da suke kira jira, ɗanyen barkono, dafaffen dankalin Turawa, sannan sabudana. Ba ta barin wajen. Da ƙwayoyin sun sauya daga fari sun koma kamar ƙanƙara ana hango ta cikinsu, ta sauke, ta matsa lemun tsami. Minti biyu aka ƙara, ya zama danƙo. A tukunyarta kowace ƙwaya zaman kanta take yi. Abin lura, rogo da gyada da dankalin Turawa da barkono duk asalinsu nahiyar Amurka ne, bayan zuwan Turawan Fotugal suka shiga Indiya, kamar yadda suka shigo mana. Matan da suka gabace ta ma baƙin amfanin gona suka karɓa suka shigar cikin tsohuwar ƙa'ida. Ita kan hanyarsu take.

Tsabtar abin ma wani fanni ne. Ba ta kai kayan azumi injin niƙa na unguwa, domin ba a rasa ɓurɓushin masara a ciki. Kaskon azumi daban, ludayinsa daban, man da aka taɓa soya fulawa a ciki ba ya komawa. Gishirin ma na dutse take sawa, wanda take kawowa daga gida. Na taɓa nuna mata kantun gishirin Bilma, ta juya shi, ta ɗanɗana, ta ce sai ta tambayi surukarta tukuna. Kowane gida da iyakarsa, kuma ba ta yanke hukunci ita kaɗai a abin da ta gada.

Azuminsu da Bahaushe ya fi sani, ko da bai san sunansa ba, shi ne Karwa Cot. Duk wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ko Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 ya ga mata sun yi ado suna jiran wata da faranti da 'yar fitila. Matan aure na arewacin Indiya ne ke yin sa, a titi na huɗu bayan wata ya cika, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai. Kafin alfijir akwai abin da ya yi kama da sahur, sargi, wanda a al'adar mutanen Panjab uwar miji ce ke bayarwa. Daga nan ba ci ba sha sai wata ya fito. A fim ado da waƙa ake nunawa. A Garwa abin da na gani lissafi ne da haƙuri. Watan wannan dare ba ya fitowa sai tsakanin ƙarfe 8 da 9. Tun la'asar ɗinmu 'yan'uwanta na Indiya suka fara turo hotuna sun sha ruwa, ita kuwa da sauran awa huɗu da wani abu a gabanta. Ƙarshen damina ne, gabas ta haɗa gajimare. Muka hau bene tare, yarana na taya ta dube. Ta ce mini mahaifiyar Mahatma Gandhi, Putlibai, takan yi alwashin ba za ta ci abinci a damina ba sai ta ga rana, yaranta su tsaya waje suna gadi, in rana ta leƙo su ruga su faɗa mata, kafin ta fito ta sake ɓuya, ta koma bakin aikinta ba tare da ta ci ba. Shi da kansa ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa. Muna cikin haka ƙaramar 'yata ta yi ihu, "Ga shi can!" Ya fito ja-ja ta tsakanin gajimare. Ta ɗaga rariya ta dube shi ta cikinta, ta juya ta dubi mijinta, ya miƙa mata ruwa.

Ni Musulma ce, aƙidata daban, tata daban, kuma ba mu taɓa ɓoye wa juna haka ba. Ta san ba ma cin abin da aka ajiye gaban abin bautarsu, don haka ranar da ta gama Nabaratiri tukunya biyu take ɗorawa, tamu ba ta shiga waccan kusurwa. In Ramadan ya zo kuma, ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba, kuma ta san lokacin magariba ba tare da ta tambaya ba. Abin da nake yabo shi ne iya aiki: mace ta riƙe tafiyar wata a ka, ta daidaita ta da sararin garin da ba nata ba, ta shiga kasuwar da ba ta jin harshenta ta fito da abin da ya dace da ƙa'idar kakanninta, sau 24 a shekara ban da sauran, ba ladan, ba sanarwa, ba mai tuna mata.

Kunun nan kuwa ta sha shi washegari. Buɗa-bakin ekadashi da safe ake yi, bayan fitowar rana, kafin titi na goma sha biyu ya wuce, kuma da hatsi ake so a buɗe. Ta ce shinkafar da ke ciki ce ta sa ya dace. Don haka 'yar'uwa, in Allah ya haɗa ki maƙwabtaka da irinta kina son ki aika kwano, tambaye ta kwanan watansu tukuna. In ta ce ekadashi ce, aika ayaba ko gwanda, soyayyiyar gyada da kindirmo, ki bar masa da kunu sai gobe da safe.